MAKALAR MAKO: Ƙaryar Marubuci da Ƙaryar Mai Wasa da Naƙuda

Makalar wannan makon ta ɗan kauce wa batun ƙa'idojin rubutu da muka saba tattaunawa, amma in kun yi haƙuri kun biyo ni, za ku ga ba ta bar gida ba.

Duk mai hawa TikTok, Facebook ko YouTube ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan. Mace mai tsohon ciki ta ɓoye waya a kan firji, ta tsiyaya ruwa a ƙasa, ta dafe mara ta ƙwalla ƙara wai faya ta fashe. Miji ya fito a gigice da takalmi ƙafa ɗaya, yana neman makullin motar da ke riƙe a hannunsa. Sai ta ga ya kai maƙura sannan ta tuntsire da dariya ta nuna masa kyamara. Akwai kuma wanda budurwa ke miƙa wa mahaifiyarta tsinken gwajin ciki da aka ƙara wa layi na biyu da biro, don a ɗauki fuskar uwar a daidai lokacin da duniya ta juya mata. Akwai na masu cusa filo a riga su shiga tasi ko kanti, su fara murƙususu a gaban mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Matasa suna kiran abin firank, mu dai zolaya muka sani. A shafukan Turawa ya fara tashe, amma yau ga shi a wayar kowa.

Ra'ayina a kai ba ɓoyayye ba ne: wannan wasa ba shi da kyau, kuma marubuci ya fi kowa cancantar gane dalili. A zahiri aikinmu ɗaya da mai wannan zolaya, wato ƙirƙiro abin da bai faru ba domin motsa zuciyar mutum. Inda muka raba hanya shi ne izini. Mai karatu da ƙafarsa yake shigowa labarinmu, yana sane da cewa ƙirƙira ce. Shi kuwa mijin da ke cikin bidiyon, ba wanda ya tambaye shi.

Mu duba yadda kakanninmu suka tsara abin. Tatsuniya ba ta farawa sai mai bayarwa ta sanar cewa ga ta nan, masu sauraro kuma su amsa cewa ta zo su ji ta. Wannan amsawar yarjejeniya ce. In an kai ƙarshe kuma, mai tatsuniyar da bakinta take rufewa da ambaton ƙarya, ta jingina ta ga Gizo. Yaro zai ji tsoron Dodo, zai yi wa marainiya kuka, amma ya san ƙofar da ya shigo, ya san ta fita. Haka tashe: an san watansa, an san lokacinsa, maigidan da yara suka tsaya a ƙofarsa ya san wasa ake yi. Haka wasan taubasai, da na kaka da jika, da na Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zazzagawa. Kowane ɓangare ya san matsayinsa, yana da damar ramawa, kuma akwai iyakar da in an ƙetare ta manya za su tsawatar. Bahaushe bai taɓa ƙin dariya ba, shinge kawai ya yi mata.

Adabinmu na zamani ma da zolaya ya buɗe ido. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, kaso mai tsoka na daɗinsa yana cikin yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ta ɗana wa juna tarko daga wannan gari zuwa wancan, wannan ya jefa wancan a wahala, gobe wancan ya rama. Shekara sama da casa'in ana dariyar waɗannan makirce-makirce, kuma ba a taɓa kai wani mai rai asibiti saboda su ba, domin duk dukan da aka sha, mutanen takarda ne suka sha shi. Haka marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, da Samanja, da Ƙasimu Yero suka yi shekaru suna sa mutane riƙe ciki. Duk wanda ka gani a gaban kyamara tare da su ya san aikin da ya zo yi. Gwaninta suka sayar mana. Mai zolayar naƙuda kuwa ba shi da wata gwaninta da ta wuce iya ɓoye waya. Abin da ake kallo a bidiyonsa tsoron wani ne na gaske, wanda aka tatsa ba da saninsa ba.

To me ya sa ciki da naƙuda musamman? Domin su ne kiran da ba mai iya yin biris da shi. Ka ce wa mutum an sace masa waya, zai iya tsayawa ya laluba aljihu. Ka ce masa matarsa na kan gwiwa, ba zai tsaya tambaya ba. Masu haɗa bidiyo sun san haka, kuma tsarin shafukan yana tura su can. Na'urar da ke zaɓar abin da za a nuna wa mutane tana lura da bidiyon da ya riƙe mai kallo tun daga daƙiƙun farko har ƙarshe, sai ta ƙara watsa shi. A YouTube, ɗaya daga cikin hanyoyin fara samun kuɗin talla ita ce tara mabiya 1,000 da kuma awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. A 2024 kuma kamfanin Meta ya buɗe wa 'yan Nijeriya ƙofar samun kuɗi da bidiyonsu a Facebook. Neman halak ba laifi ba ne, amma in firgici ne hajarka, dole kullum ka ƙara masa yaji. Wanda ya ga zolayar ruwa sau goma ba za ta ƙara motsa shi ba, sai an kawo ta jini. Bayan jini sai suma. Wannan hanya ba ta da tasha.

Su kansu masu shafukan sun ga inda abin ya dosa. A watan Janairu na 2019 YouTube ya fito fili ya haramta zolayar da ke sa mutum ya zaci yana cikin babban haɗari, da wadda ke jefa yara cikin matsanancin tashin hankali. Dokar ba ta hana aukuwar ta'asa ba. A Fabrairun 2021, a birnin Nashville na Amurka, an harbe wani matashi ɗan shekara 20 har lahira lokacin da ya tunkari wasu mutane da wuƙa yana wasan fashin ƙarya don ɗaukar bidiyo. Wanda ya harbe shi bai san wasa ba ne, kuma ba yadda za a yi ya sani. A nan Nijeriya, a 2023 kakakin rundunar 'yan sanda na lokacin, Muyiwa Adejobi, ya fito yana gargaɗin masu irin wannan zolaya da ta wuce gona da iri. Darasin ɗaya ne a ko'ina: mai shirya zolaya shi kaɗai ya san ƙarshen labarin, sauran mutane kuwa da gaske suke mayar da martani.

Yanzu mu zo kan abin da ya sa batun naƙuda ya fi mana nauyi fiye da wasu ƙasashe. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka fitar ya nuna cewa a shekarar 2020 mata kimanin 287,000 ne suka rasu a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa. A cikinsu kimanin 82,000 'yan Nijeriya ne, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. In ka raba wannan adadi da kwanakin shekara, mata sama da 200 ke nan a kowace rana. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa haihuwa 39 ce kawai cikin 100 ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa ba ta kai 20 ba. Ba sai an karanta mana alƙaluma ba ma. Da wuya a samu wani a wannan zaure da bai taɓa zuwa gidan da aka shirya suna aka ƙare da zaman makoki ba. Ba a banza iyayenmu mata suke kiran haihuwa yaƙin mata ba, suke kuma cewa kabarin mai jego a buɗe yake har ta yi arba'in.

Masana harkar lafiya suna da bayanin yadda waɗannan mace-mace ke faruwa. A 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka tsara shi a matsayin jinkiri uku. Na farko shi ne jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti. Na biyu jinkirin isa can, saboda nisa, ko lalacewar hanya, ko rashin abin hawa. Na uku jinkirin samun kulawa bayan an isa. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe lafiyayyar mace cikin awa biyu in ba a tare shi ba. Jijjiga ba ta sallama. Doguwar naƙuda kuwa, in ba ta tafi da uwa ko ɗa ba, tana iya barin mace da yoyon fitsari, ciwon da ya sa asibitoci irin na Babbar Ruga a Katsina suka shafe shekaru suna karɓar mata daga ƙauyuka masu nisa.

Ku lura da jinkiri na farko, domin a nan zolaya take ɓarna. Wannan jinkiri a cikin kan mutane yake faruwa. Dama can akwai abubuwan da ke ciyar da shi. Akwai kunya, musamman ta haihuwar fari, inda yarinya ke cije baki ta ɓoye ciwo don kada a ce ba ta da dauriya. Akwai jiran maigida ya dawo ya ba da izini. Akwai lissafin kuɗin mota da na magani. Akwai kuma ciwon marar da kan zo wa masu ciki a watannin ƙarshe ya lafa, wanda ke sa a je asibiti a dawo da su, har gida ya fara cewa a ɗan dakata a gani ko ba ita ba ce. A kan wannan tulin dalilai na jira, mai zolaya yana ƙara guda: ko wasa take yi? Mijin da aka taɓa yi wa sau ɗaya aka watsa shi duniya tana dariyarsa, ran da ta gaske ta zo, idonsa zai fara neman inda aka ɓoye waya kafin ƙafarsa ta nemi takalmi. Mun san labarin yaron nan makiyayi mai ihun kura tun muna firamare. Bambancin kawai, a nan ba tumaki ne za a rasa ba.

Abin bai tsaya a cikin gida ba. A wasu jihohin Arewa an yi shiri da ƙungiyar direbobi ta NURTW, inda aka horar da direbobin haya su riƙa ɗaukar mata masu naƙuda zuwa asibiti a kowane lokaci aka kira su, ko da tsakar dare. Irin wannan shiri, da taimakon maƙwabcin da ake buga wa ƙofa ƙarfe biyu na dare, da ɗan adaidaita sahun da ke sauke fasinjojinsa don ya ɗauki mai naƙuda, duk a kan abu ɗaya suke tsaye: yarda cewa ba mai yin ƙarya da irin wannan. Wannan yarda dukiyar jama'a ce, kamar rijiyar unguwa. Mai cusa filo a riga ya tare abin hawa don ya samu masu kallo, daga wannan rijiya yake ɗiba, kuma ba ya mayar da ko ɗigo. Direban da aka mayar abin dariya yau, gobe wata ce za ta ɗaga masa hannu a bakin titi, ita kuwa ba filo ne a rigarta ba.

Sai kuma ɓangaren masu kallo, waɗanda ba a ganin fuskarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Mujallar likitoci ta Lancet kuma ta ƙiyasta a 2021 cewa ana yin ɓari kusan miliyan 23 a duniya kowace shekara. Mu da muka san yadda ake kallon matar da ta shekara biyar ba ta ko ɓatan wata, da habaicin dangin miji, da gorin kishiya, ba sai an faɗa mana nauyin layi biyun nan na kan tsinken gwaji ba. Wata ta yi shekaru tana saye tana dubawa a ɓoye tana jefarwa. Sai ta buɗe waya ta ga an zana shi da biro ana ƙyaƙyata dariya. A ranar 1 ga Afrilun 2019 mawaƙin nan ɗan Kanada, Justin Bieber, ya wallafa hoton awon ciki a Instagram kamar matarsa Hailey na da juna biyu, daga baya ya bayyana cewa wasan ranar ce ta wawaye. Martanin da ya sha daga matan da suka yi ɓari da masu neman haihuwa ya sa washegari ya fito ya ba da haƙuri. A can ma ke nan, inda ake ganin ba a ɗauki komai da zafi ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ya kamata a saurare su. Na farko, yawancin bidiyon nan shiri ne, mijin ya sani, uwar ta sani, kowa kwaikwayo yake yi. Ina ganin akwai gaskiya a nan sosai. Amma in haka ne, an sauya wanda ake yaudara ne kawai, daga miji zuwa mai kallo, domin da sunan gaske ake sayar masa da abin. In wasan kwaikwayo ne, a rubuta a kai cewa wasan kwaikwayo ne, a gani ko zai tara jama'a da ƙarfin kansa. Sannan yarinyar da ta kalla ta sha'awa ta tashi gwadawa a kan mahaifiyarta mai hawan jini, ita ba ta yi shiri da kowa ba.

Na biyu, za a ce ai ana iya amfani da irin wannan don faɗakarwa. An gwada. A ranar 2 ga Fabrairun 2024 aka sanar a shafin 'yar fim ɗin Indiya Poonam Pandey cewa ta rasu sakamakon sankarar bakin mahaifa. Washegari sai ga ta a bidiyo da ranta, tana cewa ta yi ne don jawo hankali kan cutar. Hankali ya jawu, amma mafi yawan surutun a kanta aka yi shi da kan ƙaryar da ta shirga, kuma waɗanda cutar ta kashe wa 'yan'uwa su ne suka fi jin ciwo. Faɗakarwa da yarda take aiki. Wanda ya kama ka da ƙarya a farkon magana, da me zai gaskata ƙarshenta?

Na uku, za a ce to shi ke nan ba za a yi dariya da batun ciki ba? Za a yi mana. Duk wanda ya taɓa zama kusa da ɗakin mai jego ranar barka ya san irin shewar da ake yi. Ana ba da labarin wadda ta tashi mijinta tsakar dare neman ɗanwake, da wadda ta rantse a ɗakin haihuwa cewa ba ita ba ƙara, ga ta da goyo na shida, da angon ƙarnin da ya zo asibiti da riga a bai-bai. Wannan dariya tana da daɗi domin an riga an sauka lafiya, kuma masu abin ne suke yin ta da bakinsu. Addininmu ma bai hana raha ba, amma malamai suna kawo hadisan da suka yi kashedi ga mai ƙarya don ya ba mutane dariya, da wanda ya hana firgita Musulmi ko da da sunan wasa. Ka ga zolayar naƙuda ta haɗa biyun a faifai ɗaya.

To mu dawo kanmu, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan ɗabi'a tana da 'yan'uwa a rubutu, kuma suna yawo a zaurukanmu. Akwai marubucin da zai ƙirƙiri labarin yarinyar da aka yi wa ciki aka gudu, ya wallafa da cewa saƙo ne aka turo masa a ɓoye, ya ce a ba ta shawara. Mutane su yi ta kuka, wasu su nemi lambar asusu, alhali babu yarinyar. Wannan zolayar ciki ce da aka yi da alƙalami. In labarinka ƙirƙira ne, ka kira shi ƙirƙira. Ba abin kunya ba ne, sana'ar ke nan. In yana da ƙarfi zai sa kuka ko da an san ba a yi ba.

Akwai kuma zolayar da ake yi wa mai karatu a cikin littafin kansa. Marubuciya ta kai tauraruwarta ɗakin haihuwa, ta sa likita ya fito yana girgiza kai, ta rufe shafin ranar da haka don a kwana ana roƙonta ci gaba a WhatsApp, gobe kuma a buɗe da cewa ashe mafarki ne. Sau ɗaya za ki yi wannan ki sha. Daga ranar mai karatu ya daina ba ki zuciyarsa gaba ɗaya, domin ya gane kina iya karɓe abin da kika ba shi. Jan rai halak ne a labari, amma sharaɗinsa abin da ya faru ya zama ya faru, kuma ya bar tabo a rayuwar mutanen labarin. Haka batun cikin ƙarya da kishiya ke ɗaurawa da tsumma, wanda ya cika littattafai da finafinanmu. Ba a hana rubuta shi ba, amma a tambayi kai: me ya kai mace ga ɗaura tsumma wata tara? Wane irin gida ne, wace irin suruka ce, wane irin tsoro ne? In aka bi wannan tambaya an samu labari. In aka tsaya a ranar da tsumman ya faɗo a gaban jama'a, bidiyon zolaya aka rubuta.

Wani abin da na lura da shi shi ne yadda muke rubuta haihuwar kanta. A littattafai da yawa layi uku ne: ta dafe mara, an kwashe ta sai asibiti, ba a jima ba ta santalo 'yan biyu kyawawa masu kama da ubansu. Alhali a tsakanin dafe mara da kukan jariri akwai duniya guda da ba mu taɓa ba. Akwai katin awo da aka manta a gida. Akwai jerin kayan haihuwa da aka ce a zo da su. Akwai neman wanda jininsa ya dace da nata da asuba. Akwai takardar da ake miƙa wa miji ya sa hannu kafin a yi aiki, da yadda biro ke rawa a hannunsa. Akwai ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, wadda ta san lokacin da abu ya fi ƙarfinta da lokacin da girman kai ya hana ta faɗa. Akwai jiran faɗowar uwar tafiya, wanda tsofaffi ba sa yin guɗa sai sun gan ta. Akwai uwar mai naƙuda a bakin ƙofa da carbi, wadda kunya ta hana ta nuna damuwa a kan 'yar fari. Wanda ya rubuta waɗannan da gaskiya ba ya bukatar mafarki ko filo don ya riƙe mai karatu.

Hanyar samunsu kuwa ba ta da wuya. Ki zauna da kakarki ko gwaggonki ki tambaye ta yadda aka yi goyon ciki da wankan jego a zamaninsu, da abin da ya sauya. Ka nemi ma'aikaciyar jinya ko ungozomar asibiti a cikin danginku ka tambaye ta alamomin da ke sa su tashi tsaye, da kuskuren da suka fi gani daga iyalai. Ka nemi izini kafin ka ɗauki labarin wani, ka sauya abin da zai sa a gane shi. Kuma in ka sa bayanin lafiya a labari, ka tabbatar da shi, domin akwai yarinyar da littafinka ne wuri na farko da za ta ji cewa kumburin fuska da ciwon kai mai tsanani ga mai ciki ba abin zama a gida ba ne. Labari ɗaya da ya sa wani miji ya daina cewa a jira gari ya waye ya fi bidiyo dubu da aka kalla aka manta.

Kafin ka saki duk wani abu da ka ƙirƙira, rubutu ne ko bidiyo, akwai tambayoyi uku da nake ganin sun isa awo. Wanda zai ji tsoro ko ya yi kuka, ya san ƙirƙira ce? In bai sani ba, wa zai biya kuɗin wannan rashin sani, shi ko wani can da ba ka gani? Sannan in aka cire firgitar, akwai sauran abin da ya rage a hannun mai karatu? Abin da ya faɗi a tambaya ta uku, ko bai cutar da kowa ba, bai kai a kira shi aikin marubuci ba.

Ga aikin wannan makon ga mai sha'awa: a rubuta gajeren labari da bai wuce kalma 500 ba, a kan daren da naƙuda ta kama wata mace, amma ta idon wani da ke gefe, ko miji, ko maƙwabciya, ko direba, ko ƙanwarta 'yar shekara goma. Sharaɗi biyu ne: ba mafarki, ba cikin ƙarya. In da abin dariya a ciki, a bar shi ya fito da kansa. A ajiye a ƙarƙashin wannan makala, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya kafin mako mai zuwa. Wanda kuma yake ganin na tsaurara wa masu zolaya, ƙofa a buɗe take, ya kawo hujjarsa mu tattauna cikin mutunci kamar yadda muka saba.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba masu nema, Ya jiƙan waɗanda suka tafi a wannan hanya. Sai mun haɗu a makala ta gaba.